Baba Mai Riƙe Layi

Ƙarfe biyar da rabi na safe Baba Direba ya isa ƙofar ofishin lasisin mota, ya tarar mutum goma sha tara sun riga shi. Ba duka ne ma mutane ba. Wasu duwatsu ne, wasu robobin ruwa, akwai kuma takalmi wari ɗaya da mai shi ya ajiye ya tafi neman shayi. Ya tambayi wane ne na ƙarshe, aka nuna masa takalmin. Ya tsaya a bayansa da ladabi, kamar yadda ake tsayawa a bayan mutum.

Ba tasa ce ta kawo shi ba. Ƙanin matar ɗansa ne zai sauya lambar mota, wani sangamemen saurayi ɗan shekara talatin da a daidai wannan lokaci yake can yana juyi a kan katifa. Baba Direba kuwa shekararsa sittin da bakwai, gwiwarsa ta dama har ƙara take yi in zai miƙe.

Ofishin ƙofa biyu gare shi. Ta dama ta waɗanda suka ɗauki rana ta waya ce. Ka cike bayananka a waya, a turo maka saƙo cewa rana kaza ƙarfe kaza, ka zo ka zauna a ƙarƙashin fanka, a kira sunanka. Illarta ɗaya, sai ka tuna da abin tun da sauran kwana goma ko sati biyu. Ta hagu kuwa ta waɗanda ba su tuna ba ce. Lamba sittin ake rabawa kullum da ƙarfe takwas, in ta ƙare ta ƙare, shi ya sa ake sammako. Wanda ya samu lamba sai ya koma rumfar kwano da ke jikin janareta, ya jira mai gadi ya leƙo ya kira shi in Allah ya yi.

Mutanen gidan Manaja, wato ɗan Baba Direba na fari, sun gano hanya ta uku wadda hukuma ba ta san da ita ba. Ba sa ɗaukar rana, ba sa bin layi. Suna da tsoho.

Ran nan lamba ta ashirin ya samu. Benci biyu ne kawai a rumfar, masu ƙarfin kafaɗa sun riga sun cinye su, don haka ya jingina da ginshiƙi yana sauya ƙafa. Bai sha ruwa ba, saboda wanda ya sha ruwa sai ya nemi bayi, wanda ya tafi bayi kuma lambarsa tana iya wucewa. Sai wajen sha biyu da rabi aka kira ta goma sha shida, ya ciro 'yar wayarsa mai maɓalli ya kira saurayin.

"An kusa, ɗan nan. Saura huɗu."

"To Baba, bari in watsa ruwa."

Ya watsa ruwan kuwa, har da fesa turare. Ya iso ana kiran ta goma sha tara, ya zare tikitin daga hannun tsohon da yatsa biyu, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba," ya shige. Minti goma ya fito yana kaɗa makulli.

"Da na sauke ka, Baba, to ba gida na nufa ba."

Baba Direba ya ce babu komai. Ya taka zuwa bakin titi ya jira motar haya.

Abin ya fara ne da takardun motar Manaja, wata safiya da ya ce yana da taro a wurin aiki. Baba da kansa ya ce a kawo ya je, don zaman ɗakin bakin get ya ishe shi tun da matarsa ta rasu aka ɗauko shi aka ajiye a can. Sau ɗaya ya ce a kawo. Amma mutumin da ya ɗanɗani banza ba ya mantawa da hanyar gidanta. Daga takardun Manaja sai na Madam, matar Manaja. Daga na Madam sai na yayarta. Kafin wata uku, duk wanda ya yi ƙorafin layin ofishin lasisi a falon gidan nan, amsa ɗaya yake samu, da murmushi irin na masu kyauta: "Kada ka damu, akwai Baba."

Shi kuwa yana haƙuri ne saboda akwai abin da yake jira.

A ƙarshen layinsu akwai wata ƙaramar makarantar firamare mai bas ɗaya ruwan ɗorawa. Direbanta ya ajiye aiki ana gab da tafiya hutu, wani bakanike abokin Baba ya kai shi wurin shugabar makarantar. Shekara talatin da huɗu Baba ya yi yana tuƙa manyan motocin fasinja, ko kaza bai taɓa takawa ba. Shugabar ta miƙa masa makulli ta ce ya gwada. Ya zaga unguwa da bas ɗin, ya dawo ya shigar da ita ƙofar makarantar da baya, ƙofar da tsohon direban sai ya ja da baya sau uku yake shiga. Da ya kashe mota hannunsa bai so ya saki sitiyarin ba.

"Baba, aikin naka ne," in ji shugabar. "Sai dai lasisinka ya mutu shekara biyu. 'Ya'yan mutane ne, ba zan iya ba ka su haka ba. Sati shida za mu yi a hutu. Ka kawo min sabo kafin ranar Litinin ɗin da za mu dawo."

Abin da yake so ke nan, ba wani abu ba. Ya tashi da safe yana da inda za shi, ya sayi sabulunsa ba tare da ya tsaya a ƙofar falo yana gyaran murya ba.

Matsalar ita ce lasisin ɗaukar fasinja ga wanda ya haura sittin sai da gwajin ido, likitan idon kuma ba ya ganin kowa sai wanda ya ɗauki rana. Ƙofar hagu ba ta da amfani a nan ko da mutum ya kwana a bakinta. Sai ya sami Manaja a teburin cin abinci da yamma.

Manaja ya ajiye cokali. Mutum ne mai tumbi da agogo mai nauyi, wanda ba ya rasa sahun farko a duk inda ake tara gudunmawa in dai za a ambaci suna.

"Baba, me ka rasa a gidan nan? Abinci ne ba a ba ka? So kake a ce Manaja ya bar ubansa yana jigilar 'ya'yan mutane?"

"Ban rasa komai ba. Tuƙin nake so."

"Hutawa muke so ka yi."

"In na mutu zan huta. Cike min kawai."

Ganin tsohon ya ja kujera ya zauna ba shi da niyyar tashi, Manaja ya ɗauko waya ya cike a gabansa, yana tsaki ƙasa-ƙasa. Da aka zo wurin lambar waya ya ce, "Tawa zan sa. Wannan taka ba ta buɗe irin saƙonsu." Baba ya ce to. Har addu'a ya yi masa, ya ce Allah ya ba shi masu yi masa.

Tun daga ranar, kowace yamma in ya ji ƙarar motar Manaja sai ya fito ya buɗe get da kansa, ya jira a sauke gilashi.

"Sun turo?"

"Shiru, Baba. Ka san aikin hukuma."

A sati na uku, Ogan Manaja ne ya sayi sabuwar mota ga uwargidansa. Manaja da bakinsa ya ce a bar masa zancen takardu, yana da hanya. Hanyar ta tashi da asuba ta ɗaure gwiwa da tsumma ta tafi. Ran nan ne wani mutum mai jaka a hammata ya matso kusa da Baba a rumfa ya yi ƙasa da murya.

"Tsoho, nawa kake sayar da taka?"

"Wace?"

"Lambar mana. Ai kullum na zo ina ganinka."

Baba ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Kafin ya ba da amsa, shugaban 'yan sayar da layin, wani dogo mai jajayen idanu, ya tako ya tsaya a kansa.

"Dattijo, mun daɗe muna kallonka. In sana'a kake yi, ka zo ka yi rajista da mu kamar kowa."

"Ni ba sayarwa nake yi ba. Ɗana nake riƙe wa."

"Kyauta?"

"Ɗana ne."

Dogon ya dube shi daga hula har takalmi, ya kwashe da dariya, ya juya ga yaransa. "Kun ji fa. Mu da ba mu haifi manya ba ko banza ana biyanmu."

Da yamma Oga ya aiko da kwandon kayan marmari, an ɗaure shi da ƙyalle mai sheƙi, an rubuta godiya ga Manaja. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Madam ta aika wa Baba lemo biyu a faranti, ɗaya ya fara laushi.

Ƙafafunsa suka fara kumbura. Da farko da yamma ne kawai, daga baya ya zama ko da safe takalminsa ba ya shiga sai ya take bayansa. Ya nuna wa Madam, ba don ƙorafi ba, don dai ta gani. Ta leƙa daga nesa tana riƙe da wayarta.

"Ayya, sannu Baba. Amma ka san zama wuri ɗaya ne yake kawo irin wannan. Likitoci ma cewa suke tsofaffi su riƙa motsa jiki. Ai fitar nan da kake yi taimakonka take yi."

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya ce. Da ta zo gaishe shi ranar Asabar ya ji daɗi, ya ce yau dai ga wadda ta san ciwo. Ta durƙusa ta danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ta ɓata fuska.

"Baba, ka rage gishiri. Kuma ka riƙa ɗora ƙafar a kan matashi." Ta miƙe tana goge hannu. "Af, na tuna. Abban yara ya ce in roƙe ka, lasisinsa ranar Laraba zai mutu. Tunda ka san kan wurin."

Ya dube ta. Ita ce wadda ya taɓa tuƙa mota kwana biyu ba barci don ya iso ranar da za ta karɓi takardar gama karatu. Ya ce Allah ya kai mu Laraba.

Sati na biyar aka yi ruwa. Wata ƙawar Madam ce za ta karɓi lasisin koyo, matar da ba ta taɓa gaishe shi ba sai dai ta ɗaga masa yatsu daga cikin mota. Ruwan ya sauko tun kafin a raba lamba, kuma a bakin ƙofar hagu babu rumfa. Wanda ya gudu ya rasa wurinsa. Baba ya tsaya, ruwa yana bin wuyan rigarsa yana gangarawa har cikin takalmi. Ya ɓoye tikitin a cikin hularsa don kada ya jiƙe. Ƙawar ta iso da lema mai fure, ta karɓa, ta ce, "Kai, amma ya ɗan yi danshi."

Kwana uku ya yi yana rawar sanyi a ɗakin bakin get. Manaja ya leƙo sau ɗaya, ya tsaya daga ƙofa.

"Ka gani ko, Baba? Ɗan ruwan nan ya kwantar da kai. A haka kake son tuƙa bas?"

"Sun turo?" in ji Baba daga cikin bargo.

"Shiru."

Shugabar makarantar ta aiko bakanike ya tambaya ko ana ciki. Baba ya ce a gaya mata ana ciki, saƙo ake jira. Ya yi tunanin ya je shagon masu cike takardu a bakin kasuwa a duba masa, sai kunya ta hana shi. Mutumin da ya haifi Manaja ya je yana roƙon bare ya taɓa masa waya? Me za a ce da ɗansa? Haka yake tattalin mutuncin wanda bai san yana yi ba.

Ranar Laraba ta ƙarshe a hutun, bayan la'asar, Manaja ya shigo gida yana faɗa da kansa. Jami'an hanya sun tsayar da shi, ashe nasa lasisin ya mutu tun kwana tara bai lura ba. Ya nufi ɗakin bakin get kai tsaye.

"Baba, gobe sai ka taimaka."

"Ƙafata, Manaja."

"Wannan ne na ƙarshe, wallahi. In ban sabunta gobe ba ƙwace motar za su yi."

Da ƙyar ya kai bakin titi washegari, saboda haka bai isa da wuri ba. Lamba ta arba'in da ɗaya ya samu. Rana ta buɗe sosai bayan ruwan, kwanon rumfar ya ɗauki zafi, hayaƙin janareta yana shiga hanci. Kusa da shi akwai wani ɗan tasi mai furfura a gemu, wanda ya makara bai samu lamba ba amma ya ƙi tafiya. Kwana uku ke nan yana zuwa, in ji shi, kullum sai ya kai yara makarantar allo da matarsa asibiti kafin ya iso, kullum lamba ta ƙare. Lasisinsa ya mutu, motarsa tana ajiye, gida babu cefane. Yana zaune ne ko Allah zai sa wani ya fasa.

Wajen ƙarfe biyu Baba ya ga ginshiƙin da yake jingine da shi ya zama biyu. Bai san lokacin da ya sulale ba. Ɗan tasin ne ya tare shi, mai gadi ya kawo ruwa, suka kama shi suka shigar da shi ta ƙofar dama.

"Zauna nan ka sha iska, Baba," in ji mai gadin. "In lambarka ta matso zan gaya maka."

Wata uku yana zuwa ofishin nan, yau ne ya fara ganin cikinsa. Kujeru a jere, fanka tana juyawa, babu mai ture wani. Can ƙurya ga taga ta huɗu, an rubuta gwajin ido a samanta. Wata ma'aikaciya mai tabarau tana kiran suna a lasifika, mai sunan ya tashi ya shiga, ba a fi minti biyar ba ya fito. Da hankalinsa ya dawo ya kira Manaja ya ce an kai talatin da biyar. Sannan ya ga tagar babu kowa, ya lallaba ya isa.

"'Yata, don Allah taimaka min. Na ɗauki rana sati shida ke nan, har yau ba a turo ba. Ko za ki duba min?"

"Sati shida, Baba? Ai ba ya kaiwa haka. Kawo katinka."

Ta danna, ta danna, ta tsaya. Ta gyara tabarau ta sake dubawa.

"Baba, ai sau uku ana ba ka rana."

"Ni?"

"Kai. Ka ga, in mutum bai zo ba, na'ura tana sake ba shi wata. Ta farko ranar huɗu ga wata, sha ɗaya na safe. Ta biyu ranar sha biyar. Ta uku Talatar makon jiya, ƙarfe goma. Ni da kaina na kira sunan nan, har sau uku-uku nake kira."

Ya dafa katakon tagar. Ranar sha biyar ba zai iya tunawa ba, wataƙila yana gida yana wanke motar Madam. Amma ranar huɗu ga wata ita ce ranar ƙanin Madam mai turare. Talatar makon jiya kuwa ita ce ranar ruwa. Yana nan. Bango ɗaya ne tsakaninsa da lasifikar, yana tsaye da tikitin wani a cikin hula, janareta yana ruri a kunnensa.

"Ko saƙon ne bai shiga ba?" ya tambaya. Har a lokacin yana nema wa ɗansa mafita.

"Ya shiga, Baba. Duk ukun an buɗe, an ma danna cewa an gani. Lambar wa ka sa?"

Ya ɗago kai. Ya ce, "To a ba ni ta huɗu. Ko gobe ne, ko yanzu."

Ta cire tabarau ta ajiye, muryarta ta yi laushi. "Wanda ya saɓa sau uku ana rufe sunansa wata shida. Ba ni nake rufewa ba, kuma ba ni da ikon buɗewa. Ka yi haƙuri, Baba."

Ya gode mata. Ya koma kujera ya zauna ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, yana kallonsu.

Ana kiran ta talatin da tara Manaja ya shigo da sauri, yana share wuya da hankici.

"Ah, yau har ciki aka ba ka wuri? Ka ga ka zama ɗan gida. Kawo, kawo."

Baba bai motsa ba. "Sun turo, Manaja."

Hannun da aka miƙo ya tsaya a iska. Manaja ya dubi taga ta huɗu, ya dubi ubansa, sai ya yi 'yar dariya irin wadda ake yi wa yaro.

"Baba, a nan za mu yi wannan maganar? Bari mu je gida."

"Sau uku."

"To, na gani. Na gani, ban musa ba. Amma don wa na yi? Dubi ƙafarka. Dubi yadda ruwa kaɗan ya kayar da kai. In ka kwashi 'ya'yan mutane wani abu ya faru, sunan wa za a kira? Ni fa rufa maka asiri na yi. Kuma ranar farkon nan mun riga mun yi wa yaron nan alkawari, ya za a yi in ce masa a fasa?"

"Ƙafar da ba ta iya taka birki ita take tsayuwar awa takwas?"

"Ai tsayuwa daban, tuƙi daban. Kawo tikitin, Baba, za a wuce mu."

Mai gadi ya leƙa waje ya ɗaga murya, "Arba'in!"

Baba Direba ya miƙe, gwiwar ta yi ƙararta. Ya wuce ɗansa kamar bai gan shi ba, ya fita ta ƙofar dama, ya zaga zuwa rumfa, Manaja yana biye da shi yana kiran Baba, Baba. Ɗan tasin yana nan inda yake, ya haɗa kai da gwiwa. Baba ya kama hannunsa ya sa masa tikitin a ciki.

"Tashi, kai ne na gaba."

Mutumin ya dubi takardar, ya dubi tsohon. Aka kira arba'in da ɗaya, ya ruga.

Manaja ya manta da cewa a gaban mutane yake. "Baba! Me ka yi haka? Ka san awa nawa aka ɓata a kan lambar nan?"

"Na sani," in ji Baba. "Ni na tsaya."

Kafin magariba an gama shari'a a falo, ba tare da an kira wanda ake tuhuma ba. Yana jin su ta taga. Madam ta ce ita dama ta daɗe da lura, kwanan nan sai ya zauna yana kallon bango. Auta, da aka sa ta a lasifikar waya, ta ce a shekarunsa ana samun haka, rikicewa ce take farawa a hankali, a dai riƙa lallaɓa shi. Manaja ya ce shi abin da ya fi ƙona masa rai, bare aka ɗauka aka fifita a kan ɗan cikinka. Suka taru a kan magana ɗaya, cewa Allah ne ya kiyaye da ba a ba shi bas ɗin nan ba. Mutumin da zai miƙa wa wanda bai sani ba lambar ɗansa, wa ya san inda zai kai 'ya'yan mutane? Babu wanda ya ambaci saƙo uku. An aika masa abinci da nama biyu maimakon ɗaya, saboda su masu yafiya ne.

Ranar Juma'a ya aika bakanike ya ba shugabar makaranta haƙuri. Bai faɗi dalili ba. Ta aiko cewa ta ji takaici, amma yara ba za su jira wata shida ba.

Ranar Litinin da safe Manaja ya sa aka kira shi teburin karin kumallo, don a nuna masa an huce. Yana zaune da kofin shayi a gabansa bas ɗin makaranta ta wuce ta ƙofar gida. Sabon direban ya sa giya ba tare da ya taka kuloci sosai ba, ƙarfe ya ci ƙarfe har cikin falo. Baba ya runtse ido. Babu wanda ya ji sai shi.

Manaja kuwa yana fama da waya da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da burodi. Tunda tsoho ya rikice, ba a kuma aikensa, dole mutum ya yi wa kansa. Baba yana kallon agogon bango. Minti huɗu aka yi, wayar ta yi ƙara.

"Yauwa, har sun turo," in ji Manaja da abinci a baki. "Ranar sha biyu, ƙarfe tara. Ashe ma abin ba wuya." Ya juya ga matarsa. "Madam, don Allah ki tuna min. Kin san mutanen nan, in ka saɓa sau uku rufe ka suke yi."